Rabon Wanda Ba a Haifa Ba

Annobar korona ta ritsa da ni ni kaɗai a wani ɗan gidan haya mai ciki da falo a unguwar Al Sadd, da cikin fari wanda ko Innata ban gaya wa ba. Karatun digiri na biyu ya kawo ni Doha, a fannin kula da dukiyar al'umma. Mijina ɗan garinmu ne, katanga ɗaya ta raba gidansu da namu, kuma ya biyo ni ya sami aiki a wani ɗakin gwajin ruwa. Ya tafi gida duba mahaifinsa da ke fama da ciwon ƙafa, ya ce ba zai daɗe ba. Yana can aka rufe filayen jirgi. Na sha gaya masa daga baya cewa ban taɓa ganin mutumin da annoba ta yi wa gata irinsa ba: shi yana can yana shan fura a inuwar darbejiya, ni ina nan ina amai a kwano.

Doha ta yi tsit kamar an share ta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya, darasi ya koma ta kwamfuta, kanti ma ba a shiga sai manhajar lafiya ta wayarka ta nuna kore. Da ba don maƙwabciyata ba, ban san yadda zan yi ba. 'Yar Zangon Kumasi ce ta ƙasar Ghana, ta girme ni da kaɗan, tana aikin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu. In ta taso daga aiki sai ta ajiye mini kwanon wake da shinkafa da yajinsu mai baƙin mai a bakin ƙofa, ta ja baya, ta yi magana ta cikin takunkumi da Hausarta ta Zango mai gauraye da Larabci.

“Ƙanwata, yalla, buɗe ka ɗauka. Wannan cikin da kana ɓoyewa, ko makaho ya gan shi.”

Ita ma tana da nata tashin hankalin, don wanta yana cikin Sana'iyya, unguwar ma'aikata da aka killace, ba shiga ba fita. Amma ban taɓa jin ta fasa tsokanata ba.

A wannan zangon karatu malaminmu ya raba mana aiki, kowa da al'ummar da zai bincika yadda ta sarrafa kuɗin diyya. Ni aka ba ni Inuwit. Raina ya ɓaci. Ina zaune a ƙasar da arzikin gas ya yi wa katutu, a rasa abin da za a ba ni sai mafarautan ƙanƙara na can ƙuryar arewacin Kanada? Na fara karatun ina tsaki, na ƙare shi ina mantawa da abinci a kan wuta. Mutanen nan an shiga ƙasarsu da manyan ayyuka, aka daɗe ana ja-in-ja, daga ƙarshe aka yi yarjejeniya aka biya su diyya. Mutane ne da in mafarauci ya kamo babban nama, ba ya ci shi kaɗai, sai an raba. Amma da kuɗin suka zo, ba su raba su ƙare ba. Suka zaɓi amintattu daga cikinsu, suka ce uwar kuɗi ta zauna, abin da ta haifa shi za a taɓa. Suka sayi sana'o'i, har da kamfanin jirgin sama da jiragen kamun kifi, suka riƙa tallafa wa tsofaffi da mafarauta da 'yan makaranta. Ba waliyyai ba ne, su ma sun yi rigingimu, wasu jarin sun nutse. Sai dai jikokinsu sun taso sun tarar da wani abu.

Ina tsakiyar wannan aiki mijina ya kira ni ya ce diyyar fadama ta fito.

Fadamarmu tana gabas da gari, da tafki a tsakiyarta. Gwamnati ta yanke ta za ta wuce da babbar hanya da gada. Masu gonaki a gefenta an biya kowa nasa tun tuni. Amma tsakiyar fadamar ba ta kowa ba ce, ta gari ce: nan ake kiwo da rani, nan ake su, nan mata ke yankan kaba da ɗiban laka. Diyyar wannan sai ta zo da sunan gari gaba ɗaya, ta sauka a hannun dagaci. Dagacin kuwa Baffana ne, wan mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar babanmu.

“Me suka ce za a yi da su?” na tambaye shi.

“Watanda,” in ji shi. “Gida-gida, kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa.”

Na san abin da zai biyo baya, don na gani a ƙauyen da ke gaba da mu lokacin da aka ja wayar lantarki ta gonakinsu. Babura suka cika gari, aka yi ta bukukuwa, masu rediyo da katifa suka kwashi ciniki. Damina biyu ba ta zagayo ba sai ga baburan a kasuwa ana neman mai saye, ga ƙasa ta tafi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma mutanenmu ba su tsorata ba.

Na zauna na shirya saƙon murya mai tsawo, na zuba duk abin da na karanta a kan Inuwit, na ce a kunna wa Baffa. Ina jin kaina sosai a ranar, har da su “na farko” da “na biyu”. Mijina ya kunna a majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Da na matsa masa ya faɗa mini yadda aka yi, sai da ya yi ta kame-kame kafin ya ce an yi dariya. Wai Baffa ya saurara har ƙarshe, ya gyara zama, ya ce:

“Ka ce mata su mutanen ƙanƙara ne, komai suka ajiye ba ya lalacewa. Mu nan ƙasar zafi ce. Nama in ya kwana a hannun mutum, wari yake yi.”

Na ji haushi ƙwarai, musamman da yake maganar tasa akwai gaskiya a ciki. Baffa ba ɓarawo ba ne, tsoron zargi yake yi. Ya san in kuɗin suka kwana a hannunsa, ko sisi bai taɓa ba, sai an ce ya ci. Ga kuma yunwa ta gaske, don kullen ya hana kasuwanni ci, 'yan ci-rani sun dawo hannu rabbana. Wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba, ba ka zo masa da labarin jikoki.

Na yi kwanaki ina zagaye falo ina masifa ni kaɗai. Maƙwabciyata ta gaji da jin muryata ta bango, ta ƙwanƙwasa.

“Kana faɗa da wa? Khalas, bar su su ci kuɗinsu. Kai dai ka haifa mana yaro lafiya.”

“Yaya, ba kuɗinsu ba ne su kaɗai,” na ce.

“To na wa?”

A daidai lokacin abin da ke cikina ya motsa, irin motsin nan na farko-farko mai kama da kifi a ƙwarya. Na koma na zauna. Sai na tuna shekarar da babanmu ya rasu. Ina 'yar firamare, Inna tana da cikin autanmu. Dangi suka taru bayan sadakar arba'in suna son a raba gado, har wani kawu ya zo da igiyar awon gona. Baffa ya fito zaure ya ce ba a raba gado da ciki a gida, sai an ga abin da Allah ya sauke. Suka yi ta guna-guni, ya kore su. Haka gonar da shanun suka zauna har aka haifi yaron, aka yanka masa rago, sannan aka kira liman ya yi rabo. Na tuna yadda Inna ta yi kuka a ranar, ta ce ko babanmu yana raye iyakar abin da zai yi ke nan.

Da mijina ya ce an sa ranar taron ƙarshe, wanda za a yanke yadda za a kasa kuɗin, na ce ya shiga da ni.

“Ke kin san mace ba ta magana a zauren Baffa.”

“Ba mace za ka kai ba, waya za ka kai.”

Bai san abin da zan faɗa ba. Da ya sani, na tabbata da ya jefa wayar a rijiya.

Da hantsi suka zauna, mu nan rana ta kusa tsaka, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Ina jin tarin tsofaffi, da kukan akuya, da ƙarar buta. Babu wanda ya san wata tazara a zauren nan, ƙafa kan ƙafa suke. Mijina ya nemi izini, Baffa ya ce to, ta gaisa da iyayenta. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya: Baffa, liman, masu unguwanni, da surukina, wanda aka ɗauko a kan kujera saboda ƙafarsa. Mace mai cikin fari a garinmu ko sunan abin ba ta kamawa, ko a gaban uwarta, balle a gaban surukinta. Amma tura ta kai bango.

“Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, tambaya gare ni. Fadamar nan ta wace ce?”

“Ta gari ce.”

“Ta waɗanda ke raye yau kaɗai?”

Ban jira amsarsa ba. Na ce:

“Shekarar da babanmu ya rasu, kai ka hana a raba gado saboda Inna tana da ciki. To Baffa, ni ma ina da ciki. Ɗan garin nan ne ta uwa da ta uba. Da fadamar tana nan, zai yi kiwo a cikinta. Ina roƙo a ajiye masa rabonsa kamar yadda ka ajiye wa autanmu.”

Sai na ji wata irin ƙara, ashe wayar ce ta kusa suɓucewa daga hannun mijina. Wani ya ce subhanallahi. Wani ya ce wannan wace irin rashin kunya ce, abin da boko ke jawowa ke nan. Surukina, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta gyaran murya kamar ya haɗiyi ƙaya. Ni kuwa tun da na riga na tsoma ƙafa sai na ƙarasa.

“Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku leƙa gidajenku. In an jira ni na haihu, kafin nan wata ta ɗauka. Ku faɗa mini ranar da za a wayi gari babu mai ciki a garin nan, ran nan sai a raba.”

Wani tsoho daga cikin masu unguwanni ya fashe da dariya, dariyar ta kama wasu. Liman ne ya tsayar da su. Mutum ne mai tsantseni, bai ba ni gaskiya duka ba. Ya ce a hukunce wannan ba gado ba ne, don babu mamaci, kada a cakuɗa. Amma ya ce hujjar yarinyar ta tsaya da ƙafarta: abin da yake na gari, na wanda ya zo ne da wanda bai zo ba, kuma Musulunci ya san waƙafi, inda ake tsare asali a ci amfani. Daga nan gardama ta ɓarke, ban ƙara jin komai sosai ba. Abu na ƙarshe da ya shiga kunnena muryar Baffa ce, a sanyaye:

“Kashe wayar nan.”

Sai bayan la'asar mijina ya kira. Ya fara da faɗa, ya ce na sa ba zai iya haɗa ido da mahaifinsa ba har abada. Na bar shi ya sauke. Sannan ya ce an yanke: za a cire wani kaso a sayi hatsi a raba gida-gida saboda yunwar da ake ciki, sauran kuma ba za a taɓa ba. Za a zaɓi amintattu, kowace unguwa ta ba da mutum, kuma Baffa da bakinsa ya ce kada a sa shi, kada a sa ɗansa. Duk bayan girbi za su tsaya a filin idi su faɗa wa gari abin da ya shiga da abin da ya fita. Na ce a sa mata a cikin amintattun. Ya ce in yi wa Allah in bar shi haka. Amma matan da kansu, da labari ya kai musu ta bayan katanga, suka aika wa liman cewa kaba da lakar da aka binne tasu ce, aka ba su kujeru.

Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Na buga bangon maƙwabciyata na gaya mata, ta ce, “Kai, 'yan Najeriya! Ciki ma kun mai da shi lauya.”

Sai dai abin ya zo da tsadarsa. Baffa ya daina magana da ni. Ba zagi, ba aike, shiru kawai. In na kira Inna na ce a kai masa waya, sai ta ce ya fita, alhali ina jin rediyonsa. Inna ma sai da ta yi mini wankin babban bargo, ta ce a bakin matan unguwa ta ji 'yarta na da ciki. Wannan ya fi komai ci mini rai, na ba ta haƙuri har na gaji. Mutumin da ya saya mini jakar makaranta ta farko, ya tsaya a kan sai na yi karatu lokacin da wasu ke cewa ya isa, shi ne na kunyata a zaurensa. Ban yi nadamar maganar ba, amma na yi kuka ba sau ɗaya ba.

Aka buɗe hanya, mijina ya dawo, ya yi zaman killacewarsa a otal, ya fito saura ƙiris in haihu. Mace aka samu. Baffa ya aiko da kuɗin rago ta hannun Inna, ba tare da ko kalma ɗaya ba.

A can gida amintattu suka fara da injin casar shinkafa, don a da sai an kai wani gari. Suka sayi injinan ban ruwa suna ba matasa haya da rani a gonakin bakin kogi, suka gina rumbun ajiye albasa don kada a riƙa sayarwa da arha ranar cira. Ba komai ya tafi daidai ba. Injin casar ya lalace a shekarar farko, aka yi wata da watanni ana jiran wani ƙarfe daga Kano, masu cewa da ma an raba suka sami bakin magana. Man dizal ya yi tashin gwauron zabo. Amma aka tsaya a filin idi aka yi bayani, aka gyara rufin makaranta da ribar farko, aka ɗauki nauyin maganin tsofaffi. Na gama digirina, na rubuta garinmu a babi na ƙarshe, kusa da Inuwit. Malamina ya ce misalin ya yi ƙanƙanta. Na ce masa ni a wurina ya fi Kanada girma.

Lokacin gasar cin kofin duniya Doha ta zama wata duniyar. Titin da na sani shiru ya cika da tutoci da ganguna, jirgin ƙasa maƙil da mutane masu fenti a fuska. Najeriya ba ta zo ba, kuma Ghana ce ta hana mu zuwa, don haka maƙwabciyata ta samu abin yi. Kullum sai ta tsaya a ƙofata da rigarta mai tauraro ta ce, “Ina naku? Ko visa bai fito ba?” Wanta ya daɗe da fita daga killacewa, yana tuƙa motar ɗaukar 'yan kallo zuwa filin wasa na Al Rayyan.

Ranar wasan Ghana na biyu maƙwabciyata ta tara 'yan Zango a falonta, ta ja ni da ɗiyata muka shiga. Ana cikin wasa Inna ta kira. Na koma gidana na rufe ƙofa, yarinyar tana saɓe a kafaɗata. Inna ta ce wani attajiri ya zo daga birni ya taya injin casa da rumbun albasa da tsada sosai. Maganar rabo ta sake tashi, har wasu daga cikin amintattu sun karkata. Na ce shi ke nan, an zo wurin.

“Tsaya mana ki ji,” in ji Inna. Ta sauya murya tana kwaikwayon Baffa, abin da ban taɓa jin ta yi ba. “Ya bari kowa ya gama, sai ya ce: ‘Na ji ku. Ku je ku zagaya gida-gida. In kun dawo kun ce mini babu mai ciki a garin nan, gobe a sayar a raba.’ Mai unguwar yamma, wanda ya fi kowa zaƙewa, matan 'ya'yansa biyu ne ke da tsohon ciki. Attajiri ya shiga motarsa ya tafi.”

Na yi wata irin kururuwa da ni kaina ban san ina da ita ba. Yarinyar ta firgita ta riƙe mini wuya.

“Rage murya,” Inna ta ce ƙasa-ƙasa. “Ga shi nan zaune, yana jin ki.”

Na ji wayar ta sauya hannu, na ji numfashinsa. Na durƙusa a kan tayil kamar yana gabana, na ce, “Baffa, ina wuni.” Bai amsa mini ba. Ya ce:

“Ba ni amaryata.”

Na kara wa yarinyar wayar a kunne, na buɗe murya. Ta yi masa gwarancinta, ya yi dariya, ya tambaye ta ko ta iya tuwo, ya ce in ba ta iya ba ya fasa auren. Sannan ya ce:

“Ki gaya wa uwarki injinku yana nan, babu mai taɓa shi. Ki kuma ce mata kin isa yaye, ta yi miki ƙani. Garin nan yana buƙatar masu hana rabo.”

Na toshe bakina da gefen mayafi, ina dariya ina hawaye. A falon maƙwabciyata aka ɓarke da ihu, ana buga tukwane, sun ci ƙwallo. Baffa ya ce wace hayaniya ce wannan, na ce 'yan Ghana ne ke murna.

“To,” in ji shi, kuma a karon nan da ni yake, “tashi ki je ki taya su. Allah ya yi miki albarka.”